Amanar da Soja Ya Bari a Hannun Ƙanensa

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye kamar yadda mai ita ya roƙa.

"Assalamu alaikum Malam. Yayana, wanda shi ne ɗan fari a gidanmu, soja ne mai muƙamin saje. Ya je Darfur aikin kiyaye zaman lafiya, yana kuma cikin waɗanda suka ƙwato Baga a 2015. Shekara biyu ke nan da Allah ya yi masa rasuwa a wani kwanton ɓauna a arewacin Borno, aka binne shi a makabartar sojoji da ke Maiduguri, babu ko ɗayanmu da ya ga gawarsa. Ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji mai shekara 11, da 'yan mata biyu ƙanana, iyayenmu kuma duka suna raye. Tun yana saurayi sunana ya rubuta a matsayin wanda za a nema idan wani abu ya same shi, saboda haka da kuɗinsa suka fito a watan jiya, asusuna suka shigo, kuma har yau ban taɓa ko kwabo ba. Baba ya ce a gina masallaci da su a ƙofar gida domin lada ya riƙa isa gare shi, sunansa kuma kada ya ɓace. Abokaina sun ce kuɗin nawa ne tunda sunana ne a takarda. Dangin matarsa sun fara maganar ta yi aure, Baba ya ce in ta yi to ta ajiye masa jikokinsa. Abin da ya fi damuna shi ne yaron, wanda rannan ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da aka faɗa masa a makaranta, wai babansa mutuwar banza ya yi. A gida ba a maganar Yaya, domin da an fara sai Inna ta tashi ta shige ɗaki. Yaya zan yi in raya sunansa ba tare da na saɓa wa Baba ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta, ya ba shi ladan shahidai, ya raya abin da ya bari, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗi sun yi wata guda a asusunka ba ka taɓa su ba, a wannan lokaci da kowa ya san yadda ake fama da kwanon gero. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa da marigayi ya rubuta sunanka, bai yi zaɓen tumun dare ba.

Da kuɗin zan fara, domin su ne za su iya raba gidanku kafin damina ta faɗi. Sunan da soja yake rubutawa a wannan takarda, yawanci yana kurtu a Zariya bai ma san wadda zai aura ba, amfaninsa shi ne hukuma ta san wanda za ta sanar da kuma hannun da za ta damƙa wa haƙƙi. Takardar ba ta soke rabon gado ba, ba ta kuma mayar da kai magaji ba. Kai ɗan aike ne da aka ba saƙo ya kai gida. Abokanka da ke cewa naka ne, ka tambaye su ko za su yarda, idan sun mutu gobe, ƙannensu su kwashe abin da suka bari 'ya'yansu suna kallo.

Irin wannan ta taɓa faruwa tun zamanin Manzon Allah (SAW), kuma a gidan wanda ya mutu a fagen fama ta faru. Bayan yaƙin Uhudu, matar Sa'adu ɗan Rabi'u ta zo da 'ya'yansa mata biyu ta kai ƙara cewa mahaifinsu ya yi shahada, baffansu kuma ya kwashe dukiyar bai bar musu komai ba. Ayar gado ta sauka, Annabi (SAW) ya aika wa baffan ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, shi kuma ya riƙe abin da ya saura. Shi wancan baffa ya sami saura ne saboda Sa'adu bai bar ɗa namiji ba. Naka yayan ya bar ɗa namiji, ga mahaifinku a raye, kowane ɗaya daga cikin su biyun kuwa ya isa ya katange ɗan'uwa daga gado. Na san maganar tana da ɗaci, amma gara ka ji ta daga bakina a yau: ba ka da kaso a cikin dukiyar nan.

Ba ka faɗa mini adadin kuɗin ba, kuma ka kyauta. Bari in yi maka misali da naira 2,400,000 domin lissafin ya fita ba tare da ɓurɓushi ba. Matarsa tana da tumuni, wato 300,000. Baba yana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, 400,000, Inna ma haka, 400,000. Saura 1,300,000 na yara ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: shi 650,000, kowace yarinya 325,000. Ka duba da kyau, fiye da rabin abin da ke hannunka dukiyar marayu ce, wadda Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ce masu cin ta da zalunci wuta suke zubawa a cikunansu.

Kafin a kai ga wannan rabo akwai abu biyu. Na farko bashi. Ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi, don haka ka bincika da gaske: ka tambayi matarsa, ka tambayi abokan aikinsa, ka tambayi mai shagon da suke karɓar kaya a bariki, ka kuma sa a yi cigiya a masallacin garinku. Soja mutum ne mai yawan tafiya, yakan karɓi rance a nan ya yi alkawari a can, kuma mutane da yawa suna jin nauyin su zo gidan makoki da maganar kuɗi. Na biyu, kuɗin da ake biya bayan rasuwar soja ba iri ɗaya ba ne. Akwai ragowar albashi da alawus da ya riga ya yi wa aiki, wanda babu saɓani cewa gado ne, akwai kuma abin da ake bayarwa saboda rasuwar kanta, kamar kuɗin inshora, wanda malamai suke da magana a kan ko ya shiga gado ko ya bi sharaɗin wanda ya bayar. Wannan hukunci ba naka ba ne, ba kuma na mai rubutu a jarida ba ne. Ka nemi takardar da ta bayyana kowane kuɗi da sunansa, ka karɓo bayanin asusunka daga banki, ka kai su gaban alƙalin kotun shari'a mafi kusa da ku, a raba a gaban wakilin matar, a ba kowa takarda. Zuwa kotu domin rabon gado ba tonon asiri ba ne, kuma shi ne zai wanke ka bayan shekara goma, ranar da yaron nan zai zama saurayi wani ya raɗa masa cewa baffansa ya ci kuɗin babansa.

To sai Baba da masallacinsa. Kada ka ɗauki maganarsa a matsayin son zuciya. Dattijon da aka ce masa ɗansa ya rasu, bai wanke shi ba, bai sallace shi ba, bai zuba masa ƙasa ba, yana neman wani abu ne da zai taɓa da hannunsa ya ce wannan na wane ne. Niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai ba a yi wa mamaci sadaka da abincin 'ya'yansa, kuma ko kaka ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar jikansa maraya. Amma sudusinsa nasa ne halak malak, na Inna ma nata ne. In sun so su haɗa, su gyara rufin masallacin unguwa, ko su sayi tabarmi da butoci, ko su haƙa rijiya a inda mata ke shan wahalar ɗiban ruwa, kai ma ka sa abin da Allah ya hore maka daga guminka. Ƙaramin abu na halal ya fi isa ga yayanka a kan ginin da za a riƙa nunawa da baki ana cewa da kuɗin marayu aka yi shi.

Kada ka zama kai ne za ka faɗa masa wannan, balle a gaban jama'a. A ƙasarmu ɗa ba ya karanta wa ubansa hukunci. Ka je wajen limamin garinku ko wani aminin Baba da yake jin nauyinsa, ka yi masa bayani a keɓe, su zo bayan sallar isha'i a zauna a zaure, malam ya yi lissafin da bakinsa. Kai naka shi ne ka durƙusa ka ce: "Baba, amana ce Yaya ya rataya mini a wuya, ina tsoron ranar da zai tambaye ni, ka taimake ni in sauke." Dattijon da ya kai ga tunanin gina masallaci ba zai so ya gamu da Allah da haƙƙin jikokinsa ba, abin da yake bukata a ba shi hanyar da zai sauko da girmansa.

Rabon yaran kuma kada a bar shi kwance a banki, domin kowa ya ga yadda darajar naira take narkewa. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a riƙa juya dukiyar marayu domin kada zakka ta cinye ta. A wajenku abin da ya fi aminci shi ne gona ko fili da sunan yaran, da shaidu da sa hannun dagaci, ko shanun huɗa da tumaki a hannun wanda aka yarda da shi. In an noma riɗi ko zoɓo a gonar, a rubuta buhu nawa aka samu, nawa aka sayar, nawa aka kashe a kuɗin makaranta da magani. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi domin wannan aiki kaɗai, uwarsu kuma ta san abin da ke cikinsa. Sannan ka sani rundunar soja tana da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki, kuma iyalai da yawa a karkara ba sa nema saboda ba su san da shi ba. Ka tattara lambarsa ta soja, da takardar shaidar rasuwa, da takardun haihuwar yaran, da wasiƙa daga makarantarsu, ka tuntuɓi bataliyarsa, ko ka je barikin Bukavu a Kano ka nemi a nuna maka ofishin da ya dace, ko ka bi ta reshen jiha na ƙungiyar 'yan mazan jiya. Ka je da ƙafarka, ka riƙe kwafin kowace takarda, kada ka ba wani ɗan tsakiya ko sisi.

Maganar matarsa ba ta da tsawo. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, ita kuwa ta yi shekara biyu a ɗakinta, ta yi muku kara iyakar kara. Asma'u 'yar Umais, wadda mijinta Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, ta auri Sayyidina Abubakar, bayansa kuma ta auri Sayyidina Ali, babu wanda ya ce ta ci amanar shahidi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, idan kuma uwar ta auri bare, riƙon yakan koma wajen kakarsu ta wajen uwa kafin a zo kan dangin uba. Saboda haka sharaɗin da Baba ya gindaya ba shi da ƙafa, kuma tsoro ne ya sa shi faɗa, tsoron kada jikokin su ɓace masa kamar yadda ubansu ya ɓace. Maganin wannan tsoro shi ne a zauna da danginta tun yanzu a yi magana ta mutunci a kan inda yaran za su zauna, da hutun makaranta da bukukuwan salla da za su riƙa yi a gidanku. Idan wani ya kawo shawarar kai ka aure ta domin yara su zauna a gida, shari'a ba ta hana ba, amma sai in ita ce ta so da zuciya ɗaya, kuma kada a soma wannan zance alhali kuɗinta suna hannunka.

Yanzu bari in zo kan abin da ka ce ya fi damunka, wanda ni ma shi ya fi damuna. Shirun gidanku biyu ne suka haɗu. Yayanka ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun yana raye, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, kuma kunyar da ta hana ta nuna so a jiya ita ce take hana ta yin kuka a fili a yau. Ku kuma kuna kame bakinku domin tausayinta. A tsakanin wannan kunya da wannan tausayi an bar yaro mai shekara 11 babu labarin ubansa, sai abin da ya tsinta a bakin 'yan makaranta.

Mun taɓa yin irin wannan asara a ƙasar nan. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi dubban samari daga ƙasar Hausa aka kai su dazukan ƙasar Bama (Burma) da ke nahiyar Asiya cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yaƙi sojojin Japan. Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da ake kira da laƙabin wannan yaƙi, mukan bi shi muna dariya idan ya fara faretinsa shi kaɗai da sanda a kafaɗa, babu ɗayanmu da ya taɓa zama ya tambaye shi abin da ya gani, har ya koma ga Allah da labarinsa. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a ƙofofin barikoki, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Arakan da Dodan a Legas, amma farabiti da kofur da suka tafi daga ƙauyukan Kano da Haɗejia, jikokinsu ma da ƙyar suke iya faɗin shekarar da suka tafi. Hukuma takan riƙe sunan yaƙi da na manyan kwamandoji. Sunan saje kuwa, in danginsa ba su riƙe ba, babu mai riƙe musu.

Saboda haka ka soma tattarawa tun abokan aikinsa suna da rai kuma lambobin wayarsu suna shiga. Ka kira waɗanda suka zo muku ta'aziyya, ka roƙe su su ba ka labarinsa, ka naɗi muryarsu a waya in sun yarda, ka rubuta a takarda domin waya takan lalace: shekarar da ya shiga aiki, bataliyoyin da ya zauna, watannin da ya yi a Darfur, ranar da aka ƙara masa igiya, wanda yake kusa da shi a ranar ƙarshe. Duk abin da aka dawo muku da shi, hula ce, ko lambar girma, ko hotonsa cikin kaki, ko carbinsa, a zuba a akwatin ƙarfe guda a kulle, a gaya wa yaran cewa nasu ne.

Shi kuma yaron ka ba shi amsa ta gaskiya daidai hankalinsa. Ka gaya masa cewa a watan Janairun 2015 'yan Boko Haram sun mamaye Baga, garin masunta da ke bakin Tafkin Chadi wanda bandar kifinsa take kaiwa kasuwannin ƙasar nan, suka kashe mutane masu yawa, dubbai suka gudu, wasu ta cikin ruwa zuwa Chadi, wasu a ƙasa zuwa Maiduguri. Ka gaya masa cewa a watan Fabrairun wannan shekara sojoji suka ƙwato garin, babansa yana cikinsu, kuma bayan haka bai ajiye aiki ya gudo gida ba. Ka tuna masa da 'yan gudun hijirar da suka iso har Jigawa da Kano da ƙullin kaya a ka, ka ce masa domin kada irin wannan ta iso ƙofar gidanku ne babansa ya tsaya a can. Game da shahada, ka koya masa ladabin magana: hadisi ya ce wanda aka kashe yana kare jininsa ko iyalinsa ko dukiyarsa ko addininsa shahidi ne, mu kuma muna kyautata zato muna roƙa masa wannan matsayi, hukunci kuwa na Allah ne. Kada ka tsaya a labarin bindiga kaɗai, domin yaro ba jarumin tatsuniya yake nema ba, ubansa yake nema. Ka ba shi labarin yadda yake cire takalmin soja ya ɗauki fartanya idan ya zo hutu da damina, da irin tsarabar da yake kawowa, da faɗan da kuka taɓa yi kuna yara, har da wanda shi ne ba shi da gaskiya.

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. A Abuja da manyan biranen jihohi ake yin fareti, a ajiye furanni, a saki tantabaru. In da hali ka kai shi Dutse sau ɗaya ya gani da idonsa cewa akwai ranar da manya suke miƙewa tsaye saboda irin babansa. Abin da ya fi wannan shi ne kabarin. Ka nemi izini ta hannun bataliyarsa, ka tambayi lambar kabarin a makabartar barikin Maimalari da ke Maiduguri, ka zaɓi lokacin da hanya take da lafiya, ku bi ta Azare da Potiskum da Damaturu da rana tsaka, kai da Baba da yaron. Ina kyautata zaton idan Baba ya tsaya a kan wannan ƙasa ya ɗaga hannu ya yi wa ɗansa addu'a, rabin maganar masallaci za ta sauka daga ƙirjinsa.

Inna kuwa kada a matsa mata da tafiya, kada kuma a zaunar da ita a ce ta yi magana. Kunyar da ke tsakaninta da ɗan fari ba ta tsakaninta da jika, wanda abokin wasanta ne, maigidanta ne da take tsokana da cewa bai kawo cefane ba. Bakin da ba zai iya kiran sunan ɗa ba yana iya cewa "babanka". Ka zaɓi wata yamma da gida ya yi shiru, ka ba yaron goro ya kai mata ɗaki, ka ce ya tambaye ta wace miya babansa ya fi so da yana yaro, kai kuma ka ɗauki butarka ka fita masallaci, kada ka dawo sai bayan isha'i.